Mun Tambayi Abin Da Ke Cikin Leda, Ba Mu Tambayi Ledar Ba

  

Abin da muka kawo wa littafin bana magana ce a kan leda, wadda a nan Tamale muka fi kiranta roba. Mutanen garin nan masu kula ne da abin da za su ci. Kafin a sayi nama sai an tambayi wanda ya yanka. Kafin a sayi abinci sai an dubi hannun mai sayarwa da tsabtar wurinta. Wannan hali ne mai kyau. Amma tambaya ɗaya ta rage wadda ba kasafai ake yinta ba: wannan abincin na halal, a cikin me aka zuba shi? Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, abinci mai zafi bai kamata ya haɗu da leda ko kwanon tekawe ba, kuma gyaran wannan yana hannunmu tun kafin gwamnati ta ce komai.

Kowa ya fita da sassafe a Sagnarigu, ko Choggu, ko Kalpohin, ya san abin da muke nufi. Koko yana tururi ake ɗebo shi a zuba a farar leda, a ƙulle baki, a saka a baƙar leda. Ƙosai daga cikin mai yake fitowa ya faɗa leda, har ka ga ta yamutse ta manne masa. Da rana shinkafa da wake da miyar mai a kwanon tekawe. Da dare tuwon zafi, kowace malmala a naɗe cikin leda tun tana ƙona hannu. Wasu kuma in shinkafa ta kusa nuna sai su rufe ta da leda a cikin tukunya wai don ta turaru da kyau. Ɗalibin da yake karyawa da kokon leda kowace safiya, a shekara ɗaya ya sha sau 365 ke nan, ban da na rana da na dare.

To, mece ce illar? Leda da sauran robobi daga man fetur da iskar gas ake yinsu. Kuma ba a barinsu haka nan, sai an zuba musu wasu sinadarai: wani don ta yi laushi, wani don ta yi launi, wani don kada rana ta fasa ta, wani don kada ta manne wa 'yar'uwarta. Da yawa daga waɗannan sinadarai ba a ɗaure suke tam a jikin robar ba, suna iya fita su shiga abin da aka zuba. Masana sun yi ittifaƙi cewa abu uku ne suke ƙara wannan fita: zafi, da maiƙo, da daɗewa. Ku duba fa, abincinmu ya tara ukun duka. Yana da zafi, yana da mai, kuma yakan jima a leda kafin a isa gida ko makaranta. Man da ake suya da shi yana kai digiri 170 zuwa 180, alhali siririyar leda tana fara narkewa ne da an ɗan wuce digiri 100. Yamutsewar nan da muke gani a jikin ƙosai, shaida ce a gaban idonmu.

A shekarar 2020 wasu masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ailan sun gwada kwalaben roba na shayar da jarirai. Da suka zuba ruwa mai zafin digiri 70 suka girgiza kamar yadda ake haɗa madara, sai suka tarar ƙananan ɓurɓushin roba da ido ba ya gani suna fita, har wata kwalbar ta kai miliyan 16 a lita ɗaya. Da suka ƙara zafin ruwan, adadin ya ƙaru. Wannan fa roba ce mai kauri da aka yi musamman don abincin jariri. Ina ga baƙar leda, wadda sau da yawa daga tsofaffin robobi da aka tattaro aka narka ake yinta, ba wanda ya san me suka taɓa ɗauka, kuma tun asali don ɗaukar kaya aka yi ta?

Bari mu ambaci sinadarai uku da sunansu, domin kada a ce jita-jita ce.

Na farko shi ne sitarin. Da shi ake yin farin kwanon nan mara nauyi mai kama da soso, wanda ake raba abinci a cikinsa a wajen suna da biki da walima. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta sa sitarin a 2018 cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Abin da ke fita daga kwano ɗaya kaɗan ne, wannan gaskiya ne, amma yana ƙaruwa idan abincin mai zafi ne mai maiƙo. Wanda ya taɓa ganin yadda soyayyen kifi ko miya mai zafi ke lotsa gindin kwanon tekawe, ya ga abin da ake faɗa.

Na biyu shi ne bisfenol A, wanda ake taƙaitawa BPA. Ana samunsa a wata roba mai tauri mai haske kamar gilashi, da kuma shafen da ake yi wa cikin gwangwanaye da yawa na tumatir da kifi. Matsalarsa ita ce yana kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa, wanda ke tafiyar da balaga da haihuwa, sai jiki ya ruɗe ya karɓi saƙon da ba nasa ba. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kwalaben jarirai tun 2011. A 2023 hukumarsu ta kula da lafiyar abinci ta sake duba hujjoji, ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka a rana har ninki 20,000. A watan Disamba na 2024 kuma suka zartar da dokar hana shi a kayan da ke taɓa abinci. Ka ga abin da jiya aka ce babu komai, yau an ja da baya.

Na uku su ne fitalet, waɗanda ake zuba wa robar PVC don ta yi laushi, irin ta tiyo da wasu kayan wasan yara. Su ma suna taɓa tsarin haihuwa, musamman ga ɗan da ke cikin ciki. Amurka ta hana wasu daga cikinsu a kayan wasan yara a 2008.

Ba kowace roba ce ke ɗauke da waɗannan ukun ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Farar ledar koko ba da BPA ake yinta ba, nata sinadaran daban ne. Akwai hanyar ganewa mai sauƙi: a juya gindin kwano ko kwalba, za a ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 3 ita ce PVC, lamba 6 ita ce dangin tekawe, lamba 7 kuma tarkace ce wadda mai BPA take ciki. Waɗannan a nisanta su da abinci mai zafi. Lamba 2 da 4 da 5 sun fi dama-dama, lamba 5 ta fi jure zafi. Lamba 1 ita ce kwalbar lemo da ta ruwa, an yi ta ne don abu mai sanyi, ba don a riƙa zuba mata shayi ko kunu ba.

Shin abin yana shiga jiki da gaske? A 2022 masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan sun gwada jinin mutum 22 masu lafiya, suka sami ɓurɓushin roba a jinin 17. A 2024 likitoci a Italiya suka bi majinyata 257 da aka yi wa aikin jijiyar wuya, suka ga waɗanda aka sami ɓurɓushin roba a jijiyarsu sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa, fiye da ninki huɗu. Masu binciken sun ce wannan alaƙa ce suka gani, ana ci gaba da aiki a kai. Mu dai a ganinmu, mai hankali ba ya jiran sai an gama gardama kafin ya janye hannunsa daga bakin rami.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi duk waɗannan muni, ita ce ƙona roba. Ana hura gawayi da leda don wuta ta kama da wuri, a ɗora tukunya ko a gasa nama a kai. Da yamma kuma a tara shara a bayan gida a cinna mata wuta, baƙin hayaƙi ya shiga ɗakuna, yara suna wasa a gefe. Ƙona shara mai roba a fili, musamman PVC, yana haifar da guba mai suna dayoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan guba tana taruwa a kitse, jiki yana ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke shiga jikin mutum ta abinci take bi, wato nama da nono da kifi. Misalin yana nan ƙasarmu. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta Accra, inda a lokacin ake ƙona wayoyin lantarki don cire tagulla, aka tarar ƙwai ɗaya yana ɗauke da dayoksin da ya ninka abin da Turai ta yarda mutum ya ci a rana sau 220. Ba mu ce jujin unguwarmu ya kai Agbogbloshie ba. Amma kajinmu da zabinmu da awakinmu a ina suke yini? A kan tokar juji. Mahauta kuma sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin dabba, kowa ya tambaye su zai ji.

Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, don suna da abin faɗa.

Wani zai ce, "Haba, shekara nawa muna ci a leda, wa ya mutu?" Amsa ita ce wannan ba irin gubar da ke kayar da mutum nan take ba ce. Kaɗan-kaɗan take shiga, shekara da shekaru, kuma in cuta ta zo ba ta zuwa da takardar da ke nuna daga ina ta fito. Sannan "shekara nawa" ɗin nan ba ta da yawa. Kakanninmu a ƙwarya suka sha koko da fura, a akushi suka ci tuwo, a randa suka sha ruwa, tubani kuma a ganye ake naɗe shi. Mu ne muka tashi tun daga goyo a cikin leda, don haka a jikinmu ne za a ga ƙarshen lissafin.

Wata za ta ce, "Ai leda ta fi tsabta. Kwanon da mutum hamsin suka ci a ciki, ana ɗauraye shi a ruwa ɗaya, shi ne lafiya?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma gaskiya ce. Taifot da kwalara suna kwantar da mutum cikin kwanaki. Shi ya sa ba mu ce a koma kwanon haya ba. Cewa muka yi kowa ya zo da nasa, wanda aka wanke a gida da sabulu.

Haka maganar ruwan leda. Duk mazaunin Tamale ya san yadda famfo ke ɗaukewa, ruwan da ake turowa daga Dalun ba ya isar gari. Iyayenmu kuma suna tuna kurkunu, yadda ya kwantar da mutane a Savelugu da ƙauyukan arewa saboda shan ruwan dam, har Allah ya sa aka ga na ƙarshe a Ghana a 2010, aka tabbatar da rabuwar ƙasar da shi a 2015. Ba mai hankalin da zai ce a bar ruwan leda a koma dam. Abin da muke roƙo shi ne a daina jibge buhunan ruwa a rana. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana kai digiri 40, ga buhuna a gaban shago ko a bayan mota tun safe har la'asar. In ka sha ka ji ɗanɗanon roba, harshenka bai yi maka ƙarya ba. Rumfa ko inuwar ɗaki ta wadatar.

Mai sayar da abinci kuma za ta ce, "Ɗana, in ban sa a leda ba, mai saye zai wuce wajen maƙwabciyata." Ita ma tana da gaskiya. Waɗannan iyayenmu ne, da cinikin koko da shinkafa suke biya wa da yawanmu kuɗin makaranta, ba mu zo don mu ɗora musu laifi ba. Mai saye ne ya koya wa mai sayarwa leda, shi ne kuma zai iya sauke ta. In ma an duba, ledar da kuɗi take sayenta, duk wanda ya zo da kwanonsa ya rage mata asara.

Akwai kuma mai cewa ajali ɗaya ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, amma wanda ya faɗi haka yana duba hagu da dama kafin ya tsallaka titin Bolga. Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar, daga cikinsu akwai rai da zuriya, kuma jiki amana ne. Sinadarin da ke taɓa haihuwa da lafiyar jariri ya shafi biyun nan kai tsaye.

Hukumomi ma sun fara motsi. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas ta hana kwanon tekawe na soso a watan Janairun 2024. A nan gida, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, ta gargaɗi masu yin dokunu su daina naɗe shi da leda kafin dafawa. Ranar 5 ga Yuni 2025 kuma Shugaba John Dramani Mahama ya bayyana cewa gwamnati za ta hana shigo da kwanon soso da ƙera shi a Ghana. Muna maraba da wannan. Sai dai doka a Accra ake rubuta ta, koko kuwa a ƙofar gidanmu ake zuba shi. Ko an kawar da tekawe gobe, ledar koko da ledar tuwo suna nan.

Don haka ga abin da muke roƙo, kowa da nasa.

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya nemi kwano ko kofi na ƙarfe mai murfi ya sa a jaka tare da littattafansa. Ana samunsu a kasuwar Aboabo da babbar kasuwa, kuma in ka saya sau ɗaya ya yi maka shekaru. Za a yi maka dariya kwana biyu, a ce ka zama ɗan ƙauye. Bari su yi. In mutum goma a aji suka fara, na sha ɗaya kunya zai ji ya fito da leda. In kuma dole ta sa aka zuba maka a leda, juye shi a kwano da ka isa, kada ka huda gindinta ka tsotsa.

Iyayenmu mata, don Allah a daina rufe tukunya da leda, murfi ya isa. A daina hura wuta da roba. Tuwo a kwashe shi a kwano ko kula mai cikin ƙarfe. Abincin jariri a dama shi a kofin ƙarfe ko na tangaran, ya huce kafin a juye. Tumatirin gwangwani in an buɗe, a juye ragowar a kwalbar gilashi. Bokitin fenti da galan ɗin maganin feshi kuwa, ko an wanke su sau goma, kada su ga ruwan sha ko abinci.

Iyayenmu maza, ku ne masu sayen buhun ruwa da kayan biki. In za a yi suna ko walima, a tuna da tire da faranti. Cin abinci tare a tire ɗaya ai al'adarmu ce tun kafin tekawe ta zo.

Malamanmu, muna roƙo da ladabi a fara daga makaranta. Ranar saukar karatu da buɗa-baki na azumi, a raba abinci a kwanukan da za a wanke, mu ɗalibai mun ɗauki nauyin wankewa. A ware wa masu sayar da abinci a bakin makaranta rana ɗaya a zauna da su a yi musu bayani cikin mutunci. Limamai kuma in sun taɓa wannan magana a huɗuba ko bayan sallar magariba, za ta kai inda takardarmu ba za ta kai ba.

Majalisar Sagnarigu da jami'an tsabta, muna roƙon a yawaita wuraren zuba shara a unguwanni, a kuma riƙa kwashewa a kan lokaci. Mutum ba ya ƙona shara don sha'awa, yana ƙonawa ne don ba shi da inda zai kai ta.

Ba mu ce a rabu da roba gaba ɗaya ba. Bokiti da buta da kujera da sirinjin asibiti duk roba ne, kuma suna da amfani. Iyaka ɗaya muke so a ja: abin da ke tururi kada ya shiga leda, leda kuma kada ta shiga wuta. Wannan bai fi ƙarfin talaka ba, bai kuma jira sa hannun kowa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙannenmu na ajin farko suna kallon abin da muke riƙe da shi in mun dawo daga wajen mai koko, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka.